Jif ɗin Don Abundio Mai Ɗaukar Mutum Tara

Shekara ashirin da biyu Don Abundio Rentería ya yi a tsallaken iyaka, a Texas, yana hawa rufin gidajen da ba zai taɓa kwana a cikinsu ba. Da gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya dawo garinsu, Ojo de Palomas, da abu ɗaya da za a iya nunawa da yatsa: farar jif, doguwa, mai layin kujeru uku, wadda sai da aka rushe gefen katanga kafin ta shiga gida. Mutum tara take ɗauka. Shi da matarsa Eduviges, 'ya'yansu uku, sauran kujeru huɗu kuwa na surukai ne da jikokin da ba a haifa ba tukuna. Halin maza ke nan, kaza ba ta yi ƙwai ba sun gama raɗa wa 'yan tsaki suna.

Abin da bai hango ba, motar ta zama talla. Yaran suka zagaya ta, suka shafa ƙofa, kowa ya ce a ransa in mai hawa rufi zai iya sayen wannan, to zaman me nake yi a gonar wake? Cikin shekara uku duk sun tsallaka, mazan biyu da farko, sannan Noemí, autarsa. Ba su da takardar izinin zama a can, marar takarda kuwa in ya fito ba ya komawa, don haka ba sa fitowa. Ranar da aka binne Eduviges ta waya suka kalla, wata maƙwabciya tana riƙe da ita a bakin kabari.

Daga nan gidan ya rage shi da motar. Ba ya tuƙa ta. Kasuwa a bas yake zuwa, gona a keke. In an tambaye shi sai ya ce tana zuƙar mai kamar mashayi ranar biki, wannan kuma gaskiya ne, amma ainihin abin, gani yake duk tafiyar da ya yi da ita shi kaɗai ya ci rabon yaran. Kowace safiya dai, bayan ya sha kofi, yana ɗaga bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya goge a wandonsa, ya leƙa ruwan lagireto, ya tayar da ita ya bar ta tana gurnani minti goma. Yana zaune a gaban sitiyari, hannu a cinya, yana kallon katanga. A watan Disamba, lokacin da masu takarda ke shigowa gari a jere, motocinsu maƙare da kekunan yara da akwatuna, sai ya wanke tasa ya buɗe ƙyauren gida, don masu wucewa su gani.

Tun da kyanwar Eduviges ta mutu ɓeraye suka gaje masa ɗakin ajiya. Irin wake kuwa ba abin wasa ba ne a garin nan, shi ne baɗi. Sai dattijo ya duba, ya ga duk gidan babu inda ke rufuwa ruf kamar motar. Ya jera buhunan iri a kujerun baya, ya ɗaga gilashi, ya kulle. Shekara uku yana haka, bai faɗa wa kowa ba.

A ƙarshen Nuwamba Noemí ta kira. Takardarta ta fito, ta dalilin mijinta Rigoberto, haifaffen can. Za su sauka a filin jirgin Zacatecas ranar goma ga Disamba, ita da shi da yara uku.

“Ni zan zo in ɗauke ku,” in ji Don Abundio.

“Baba, tafiyar awa uku ce fa. Motar nan tana motsi kuwa?”

“Ta fi ubanki lafiya. Kada ki shirya da kowa.”

Washegari ya sauke buhunan ya kai su ɗakin kwanansa, ya share kujeru, ya fito da ita gwaji. A miƙaƙƙiyar hanya ta tafi sumul. Da ta kama hawan maƙabarta ya taka totur, sai ta yi tari, ta shaƙe, ta ja jiki kamar tsohuwar da aka tasa daga barci, ta mutu a tsakiyar hanya. Ya sake tayarwa, ta tashi lafiya, ya taka, ta sake mutuwa. Saura kwana goma sha ɗaya.

Don Nemesio ne bakaniken garin. Shi ya riƙe Noemí a coci ranar da aka yi mata baftisma, tun daga ranar suke kiran juna compadre, kuma tun daga ranar ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya zo da tarakta ya ja ta zuwa garejinsa.

“Ka kashe ta da zama, compadre. Ko jaki ka ɗaure shekara goma, in ka kwance shi sai ya manta yadda ake tafiya.”

“Kullum ina ɗumama ta.”

“Ni ma kullum ina ɗumama gurasar tortiya, ba ta taɓa kai ni Zacatecas ba.”

Ya kwance filogi takwas, baƙi ƙirin, ya sa sababbi. Suka hau tudun, ta mutu a daidai wurin jiya. Ya canza matatar mai. Ta mutu. Ya miƙa hannu zai buɗe akwatin matatar iska, Don Abundio ya riƙe masa hannun riga.

“Bar nan. Da hannuna na sa sabuwa, ko kilomita ɗari ba ta yi ba.”

“Yaushe?”

“Kafin Eduviges ta kwanta.”

Nemesio ya ji sunan, ya janye hannunsa. Ya ce to saura famfon da ke cikin tanki, sai an aiko daga Fresnillo. Kwana huɗu suna jira. Don Abundio yakan zo da safe da kujerarsa ya zauna a gefen motar, ya koma da la'asar, kamar mai jinya a asibiti. Famfo ya zo, aka sauke tanki, aka ɗaura. Suka hau tudun. Wannan karon ta wuce ƙofar maƙabarta da taku goma, sannan ta mutu.

Don Abundio ya buɗe ƙofa. Ya fito ya tsaya yana kallon gonakin da aka gama girbewa. Saura kwana uku, ga shi ya ce wa yarinya kada ta shirya da kowa.

Nemesio ya shiga baya yana neman sifanarsa da ta gangara ƙarƙashin kujera. Ya fito da sifana a hannu ɗaya, ɗaya hannun a dunƙule. Ya buɗe: ƙwayar wake uku da kashin ɓera.

“Compadre, me kake ɗauka a motar nan?”

“Ba komai.”

“Ba komai ɗin nan baƙi ne, irin wanda kake shukawa a gonar gangare.”

Bai jira amsa ba, ya ɗaga bonet ya ɓalle murfin akwatin iska. Wake ya zubo a kan takalmansa, shaaa, kamar an farke buhu. Matatar da aka sa da hannu an cinye rabinta an yi sheƙa da ita, da audugar kujera, da wani guntun farin ƙyalle. Bututun da ke kai wa inji iska a cike yake dam, sai 'yar kafa kamar ta hanci. Tana isar mota in tana tsaye tana gurnani. Ba ta isar ta hawa tudu.

“Shekara nawa?” in ji Nemesio.

“Uku.”

“Ka sa na sauke tanki da wannan bayan nawa. Ka ce ba a shiga motarka, ashe haya ka bayar. Iyali guda, da kakanni da jikoki, har da rumbu.”

Ya fara dariya, sai ya dubi fuskar abokinsa, ya mayar da ita tari. Ya ɗauko bokiti. Su biyu suka durƙusa a gefen hanya suna tsince waken, don ko ɓera ya taɓa shi iri iri ne.

Da aka sa sabuwar matatar iska, motar ta haye tudun kamar ba tudu ba. Sai dai da aka kunna fanka, warin fitsarin ɓera ya buso ta kowace kafa. Kwana biyu Don Abundio yana wanke ta da sabulu da lemun tsami, ya bar ƙofofi a buɗe a rana, ya rataya ganyen na'ana'a a madubi. A ƙarshe ya daina jin warin, ya ɗauka ya tafi.

Ranar goma ya sa farar riga da hular bikinsa, ya isa filin jirgi awa biyu kafin lokaci. Noemí ta fito ta yi ƙiba, da furfura a gefen kunne, ta faɗa ƙirjinsa ta yi kuka har hular ta faɗi. Rigoberto ya miƙa hannu biyu da ladabi. Yaran suka gaishe shi da kalma ɗaya da aka koya musu a jirgi, suka koma bayan uwarsu.

Ya kai su inda ya ajiye motar, ya buɗe ƙofofi huɗu. Babbar yarinyar ta leƙa, ta toshe hanci, ta faɗi wani abu da Turanci. Shekara ashirin da biyu a kan rufi sun isa mutum ya gane wannan kalmar. Noemí ta tsawata mata. Rigoberto yana murza wani makulli a hannu.

“Don Abundio, kada ka ji wani iri. Tun a can na kama motar haya, saboda ƙaramin sai da kujerarsa ta yara, an riga an ɗaura. Kuma za mu riƙa zirga-zirga, kada mu takura maka.”

“Ni zan shiga taka, Baba,” in ji Noemí.

Ta sa ƙafa ɗaya a ciki. Ƙaramin ya ga uwarsa za ta shiga motar baƙo, ya ƙwalla ƙara ya maƙale mata a zani. Ta dubi yaron, ta dubi ubanta.

“Je ki, 'yata. Ai gida ɗaya za mu.”

“Gobe ka zagaya da ni gari, ni da kai.”

“Gobe,” ya ce.

Motar hayar ƙarama ce, ja, akwatunansu ba su shiga ba. Guda bakwai ne, manya. Rigoberto ya loda su a jif ɗin yana yaba faɗinta, ya ce yanzu ba a ƙera irinta. Ɗaya da ke da kayan gilashi aka zaunar da shi a kujerar gaba, Don Abundio ya ɗaura masa bel.

Shi ne a gaba, suna bin sa. Injin yana tafiya lafiya ƙalau, ko tari babu. Yakan ɗaga ido ya ga jan abu a madubi, da inuwar kan Noemí tana juyawa baya wajen yara. Akwai rafi bayan mararrabar da kwalta ke ƙarewa, ya kama kansa yana fata ya tarar da ruwa, ko da zuwa gwiwa ne, yadda ƙaramar mota ba za ta iya ba. Disamba ce. Rafin yashi ne zalla. Ya rage gudu ya ratsa a hankali, ya duba madubi, jar motar ta ratsa kamar akuya.

Bayan rafin Rigoberto ya gaji da shan ƙurarsa. Ya danna hon sau biyu, ya fito gefe, ya wuce. Noemí ta ɗaga hannu ta gilashi, ta nuna gaba da yatsa, wato ta tuna hanya. Cikin minti biyu sai ƙura ta rage.

Don Abundio ya ɗaga gilashinsa, ya gyara wa akwatin da ke gefensa zama don ya karkace a rafi. Makullin gidan yana aljihun rigarsa, dole su jira shi a bakin ƙyaure. Bai ƙara gudu ba.