Robobin da na tara da filin kawu a Avotrou

Shekarun baya, da na gama jami'a na dawo gidanmu a Zongo ina jiran aiki, na ɗora wa kaina wani nauyi da babu wanda ya sa ni. Duk damina kwatar ƙofar gidanmu takan toshe da robobi, ruwa ya shigo mana har tsakar gida. Fannin muhalli na karanta, sai na ga kamar ya kamata in yi wani abu, ko da kaɗan ne. Wani abokina ya ce akwai masu niƙa tsofaffin robobi a wajen Sèmè-Kpodji, suna narkar da su su yi bokitai da kujeru.

Na bi gida-gida ina roƙon matan layinmu kada su ƙara zubar da fasasshiyar buta ko bidon, wato jarka, da ya huje, su ajiye mini. Na yi musu alkawarin cewa ko ɗaya ba zai je juji ba. Wasu sun yi dariya, amma sun bayar. Akwai wata tsohuwa da har wanke nata take yi kafin ta kawo. Cikin wata biyu na cika buhu goma sha ɗaya, na jera su a bayan ɗakin girki, daidai inda mahaifiyata take shanya.

Da na nemi mota na kai su a lokacin, da babu wannan labarin. Amma sai na tsaya bincike. Sau uku ina zuwa wurin masu niƙan hannu rabbana, ina tambayar ina suke zubar da ruwan wanki, hayaƙin narkarwar kuma ina yake zuwa. A karo na uku mai wurin ya ce in kawo kaya ko in bar shi ya yi aikinsa. Na dawo gida na ce sai na ƙara tunani.

Mahaifiyata kuwa ta gaji. Ta ce ɓeraye sun samu unguwa, zannuwanta kuma a kan ƙofa take shanya su kamar baƙuwa.

"Mai lisansi," in ji ta, tana yi mini ba'a da digirina, "ko ka kwashe, ko in samo mai kwashewa."

Na ce mata mako mai zuwa, in Allah ya yarda, wataƙila.

Wata Laraba na je Houéyiho kai takardun neman aiki. Na dawo bayan azahar na tarar da wurin a share tas, wankin mahaifiyata na kaɗawa a igiya. Ta ce kawuna ne ya zo da mota, har godiya ya yi ta yi. Nan take na gane inda kayan suka nufa, don na san ya sayi fili a Avotrou, gefen ruwa. Filayen can fadama ne, kuma yadda mutane da yawa suke yi shi ne su cike su da shara, su zuba yashi a kai, sannan su yi gini.

Na tari zem, wato ɗan acaɓa, na tafi. Na same shi ya naɗe wando zuwa gwiwa, leburori sun farke buhunan sun baza, suna ta watsa yashi da shebur. Kuma ku ji halina: ban iya cewa su tsaya ba. Sai da na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi ƙafarsa da ke ciwo, ina kallon butocin layinmu suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce, a hankali, kamar dai an yi ɗan kuskure.

"Wane kuskure? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ban taɓa samun shara mai tsabta irin wannan ba. Ko wari babu."

Na shiga yi masa bayani cewa roba ba ta ruɓewa, za ta yi shekaru masu yawa a ƙasa yadda take. Ina magana fuskarsa na ƙara washewa.

"To ai abin da ake so ke nan. Ka ga gidan ba zai nutse ba."

Na juya wajen buhunan. Buhu biyu kawai suka rage ba a farke ba, su ma sai da ya yi ta mita kafin ya bar mini. A ranar na kai su Sèmè-Kpodji, kuma ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne komawa wurin matan layinmu. Na so in yi shiru, na kasa. Na gaya musu gaskiya, gida-gida kamar yadda na fara. Yawancinsu dariya suka yi. Tsohuwar nan ba ta yi dariya ba, ta ce dai da ta sani da ba ta ɓata sabulunta ba. Sai da aka yi kusan shekara kafin ta sake ba ni komai.

Har yanzu in na tuna raina yana ɓaci, kuma ina jin ba da kawu nake fushin ba, ko kuma ba da shi kaɗai ba. Shi ya ga abin da yake buƙata ya ɗauka a rana ɗaya, ni na yi makonni ina neman tabbacin da ba zan taɓa samu cikakke ba. Yanzu da zarar buhu ya cika nake fitar da shi. Gidan kawu yana nan tsaye, ɗaki huɗu, kuma duk sanda na je gaishe shi sai ya tambaye ni ko na sake tarawa, wai maƙwabcinsa ma yana nema.