Tukunyar da Ba a Sa wa Komai Ba

Shekarar da na shiga aji uku na kwaleji a Keita, ƙwari suka cinye mana rabin waken da muka ajiye don iri. Da damina ta faɗi, sai da Baba ya bar gefe guda na gonarmu ta Garhanga babu wake. Saboda haka da kaka ta zagayo, gardama ta tashi a gidanmu kan yadda za a adana sabon irin. Inna ta ce toka. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta ce ganyen bedi, wato dogon yaro. Bara kuwa kowacce ta sa nata a buhu ɗaya, don haka kowacce na ɗora wa 'yar'uwarta laifi.

Ni kuma lokacin kaina ya cika da lakkol, wato karatun boko, ina jin babu mai ilimi kamata a duk ƙasarmu ta Adar. Malaminmu na kimiyya, da muke kira Mushe, ya koya mana cewa in kana son sanin ko abu na aiki, sai ka gwada shi gefe da gefe da wanda ba a yi wa komai ba. Na ce a ba ni tiya uku na wake da tukwane uku: ɗaya da toka, ɗaya da bedi, ta uku haka nan.

"Haka nan kamar ƙaƙa?" in ji Inna.

"Ba a sa mata komai. Da ita za mu gane."

"To mi wagga tukunya ta yi miki, ɗiyata?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Daga ƙarshe suka yarda, ina jin don su huta da ni ne. Na liƙe bakin tukwanen da laka, na rubuta a kayena, littafin rubutuna na lakkol, na koma Keita ina ji da kaina.

Da na dawo hutu bayan wata uku, na tara su a tsakar gida, har da Baba. Tukunyar toka lafiya lau. Ta bedi, 'yan huje kaɗan. Na fasa lakar ta uku ina jiran in ga wake ya zama gari, sai na ga toka fal. Na cusa hannu, na fito da ganyen bedi cike da tafi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dubi Inna, ta dubi kaji.

"Kwana biyu na yi ban yi barcin kirki ba," in ji ta. "Tiya guda hwa! In zamna ina kallo ƙwari su ci? Ni ba ni iyawa."

Gwaggo ta ce ita ma ta leƙa, da ta iske toka kaɗai sai tausayin waken ya kama ta. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Waken tukunyar nan ya fi na kowa kyau, kuma bai gaya mana komai ba.

Na yi fushi na wuni guda, daga baya kunya ta kama ni. Mushe bai taɓa faɗa mana cewa sanin gaskiya yana cin wake ba, ni kuma ban taɓa kwana da yunwa ba, su kuwa sun kwana.

Kakar da ta biyo, Inna ce da kanta ta kira ni. Ta cika gwangwanin tumatir da wake, ta ɗaure bakinsa da tsumma.

"Tahi da shi Keita," ta ce. "In yana gidan ga, ban amince ma kaina ba."

Na kawo mata shi bayan wata uku, kusan duk ya zama huje da gari. A tukwanen gida kuwa toka ta sake fin bedi, Gwaggo ta ce ɗanyen ganye aka tsinko, a sake baɗi, kuma tana da gaskiya. Irinmu dai ya kai damina. Inna ta daɗe tana kallon gwangwanin, ba ta ko yi wa Gwaggo dariya ba. Ta zazzage shi a faifai ta soma tsince masu rai, ƙwaya ƙwaya.