Kabo da Akwatunan da Suka San Babbansu

Shagona na ɗinki yana manne da na Kabo a nan Daura, shi ya sa duk wanda ya taɓa mutumin nan a gabana sai mun ɓata. Sana'arsa haɗa kwamfutocin ofisoshi da makarantu su riƙa magana da juna, ta wasu akwatunan ƙarfe masu ramuka a jere da yake kira suwic. Baure, Mai'adua, ƙauyukan bakin iyaka, babu inda babur ɗinsa bai kai shi ba. In ya dawo sai ya mamaye mini benci yana ta labarin wayoyi, sai ka ce tambayarsa na yi.

Wata damina babur ya zame da shi a hanyar Mashi, ƙugu ya goce. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, Kabo ya tashi da sanda, amma hawan babur kam ya ƙare. Ga iyali, ga tsohuwarsa a wuyansa.

Alhaji Zakiyyu, ɗan kwangilar da ke ba shi aiki, ya zo dubiya. Akwai wata makaranta can gaba da Baure da ake son haɗa ɗakin kwamfutarta kafin jarrabawa.

"Kabo, ba na son rabuwa da kai," in ji Alhaji. "To amma aikin nan na mai ƙafa ne. Zan ɗauko wani daga Kano."

"Alhaji, a bar mini wannan ɗaya. In ya ƙi, da kaina zan nemo maka mutumin."

Wallahi na ɗauka taurin kai ne kawai. Ashe gogan naka da shirinsa. Ya jera suwic uku a kan tebur ya yini yana danne-danne. Ya ce mini duk saitin ya zuba shi a kan guda ɗaya, shi ne babba. Sauran da zarar an haɗa su da shi za su karɓi umarni da kansu, su zama kamar abu ɗaya. Na ce, to ai sun fi 'yan gidanmu hankali.

Saura wanda zai jona su a can. Babu kowa sai Malam Audi mai gadin makarantar, dattijon da ko wayarsa sai an danna masa. Kabo ya shigo shagona ya kwashe mini zare ba ko sallama, ya ɗaura wa kowace waya launi, ya ɗiga fenti irinsa a bakin raminta, babban akwatin kuma ya ɗaura masa farin zare. Motar kasuwa ta tafi da kayan.

Ranar haɗawa Alhaji ya zo ya tsaya a bakin ƙofar shagon Kabo, makullin mota a hannu. Kabo ya kira dattijon a waya.

"Baba Audi, ja ya shiga ja, kore ya shiga kore. Mai farin zare shi ne babba, shi za ka fara kunnawa."

"Ko ba ka faɗa ba, ɗan nan. Ai ba a shiga gaban babba."

Muka zuba wa kwamfutar Kabo ido. Can sai ga babban ya bayyana a allo, na biyu ya biyo shi. Na ukun shiru. Gumi ya keto wa Kabo. Alhaji ya fara duba agogo.

"Baba, na ukun fa?"

"Yo jira nake na biyun ya gama zama tukuna. Ba girma ake bi ba?"

"Ya zauna, Baba! Don Allah kunna!"

Ya kunna. Autan ya shigo, suka haɗe.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Akwatunan aikin Mai'adua da na Mashi, gobe za a kawo maka su nan." Ya shiga mota ya tafi.

Na gyara tsayuwa ina jiran Kabo ya fara cika mini baki. Sai na ga ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Ni ma idona ya cika. Na janyo masa ƙofar shago don kada masu wucewa su gani.