Gidaɗo Mai Gadin Irin Albasa

Baba Gidaɗo ya shigo Madawa ne bayan fari ya cinye masa shanu, daga shi sai sanda da buta. Ƙungiyarmu ta manoman albasa ta ɗauke shi gadi. Biron namu, wato ofis, ɗaki biyu ne da rumfar zana a gaba. A ɗaya nake zama da takarduna, a ɗayan kuma gidaje arba'in suke ajiye irin albasarsu har lokacin zubawa. Shekara tara yana bakin ƙofar nan, ko Idi ba ya zuwa, wai kada iri ya zauna ba mai ido a kansa.

Tsoho ne mai mita, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ya kori masu taba, ya kori mai shayi da gawayinsa, har shugabanmu Auwalu ya taɓa sha da ƙyar a kan ashana. Muna kiransa Sarkin Tsoro, shi kuma ko a jikinsa.

Ana jibi Sallar Layya na sayo ƙananan fitilun ado a kasuwa, masu ja da kore, don na ga shagon kusa da mu ya yi, zuciyata ta ƙi haƙura. Na nannaɗe su a jikin zanar rumfa. Wurin jona kuran, wato wutar lantarki, guda ɗaya ne mai aiki, yana ɗakin iri, sai na ja wayar ta taga, ta bi ta kan buhuna.

Da la'asar ya taɓa wayar, ya girgiza kai.

"Ɗiyata Zara, wagga waya tana da zahi. Abin da ka zahi ba a aza shi bisa zana."

"Haba Baba, kwana ukku na kawai," na ce masa. "Kai komi tsoro."

Ranar Sallah da safe aka ɗauke kuran. Na leƙo biro na tarar da shi cikin tsohuwar rigarsa, wankakkiya fes, yana bin masu tafiya Idi da kallo. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

"Baba, tahi ka yi salla cikin mutane. Ni ka ruhewa."

Ya ce, "To ki hidda wayag ga."

Na ce to. Amma mu nan in an ɗauke kuran barin abu muke yi a jone, don mu gane in ya dawo. Na dubi fitilun a mace, na ce me zan cire, na datse ƙofa na tafi gida.

Ana cikin huɗuba kuran ya dawo. Kafin a sauko daga Idi, zana ta kama, wuta ta shiga ɗakin iri. Ko buhu ɗaya bai fita ba.

A taron da aka kira, Auwalu ya tambaya, "Wa yab bar ƙohwa?"

"Ni na," in ji Baba Gidaɗo. Ko inda nake bai duba ba.

Na bar shi ya ɗauki laifina. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Aka sallame shi, ya koma wajen danginsa a Garhanga. Kullum sai in ce gobe zan faɗa wa Auwalu gaskiya, har labarin rasuwarsa ya iso mu bayan kaka.

Yanzu in sunansa ya faɗo a hira, sai wani ya ce, "Wane Gidaɗo? Wanda yab bar iri yaƙ ƙone?" Ni kuwa ina zaune a kujerata, ina ji.