Jakar yashin da na ɗinka wa Yaya

Shekarun baya, lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Kirkissoye, moto, wato babur, ya kayar da ni, gwiwata ta dama ta bugu. Lokotoro, wato likita, ya koya mini motsi guda ɗaya: in zauna a kujera, in ɗaura nauyi a idon sawu, in miƙe ƙafa in sauke. Da yake tela ne ni, sai na ɗinka jaka da ragowar yadi na cika ta da yashi. Wata biyu na koma taka keken ɗinki, kuma daga ranar na ɗauki kaina rabin likita.

Bayan shekara yayata ta fara ciwon gwiwa. Tana noman salati, wato latas, a Goudel, kullum cikin ɗaukar ruwa. Abin ya kai ba ta iya durƙusawa, sai dai ta yi salla a kujera, ga azumi saura wata biyu. Ta ce mini, "Ni ba ciwon ke damuna ba. So nake azumi ya same ni ina sa goshina ƙasa."

Na ce, "Haba Yaya, kina da ni a gida?" Na ɗinka mata jaka irin tawa, nauyi ɗaya, har da ɗan ado a baki. Na ce sau talatin safe, talatin yamma. Da ta ce tana jin zafi a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, na ce alamar aiki ce, ta daure. Ta daure kuwa. Cikin sati uku gwiwar ta kumbura, ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa.

Muka ɗauki taksi zuwa wurin wata kine, wato mai gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Ta ɗaga jakar, ta dube ni. "Wa ya ba ta wannan?" Yaya ta nuna ni da baki.

Matar ta zaunar da mu, ta ce kowa ya dafa cinyarsa ya miƙe ƙafa. Tawa ta yi tauri daga ciki, saman gwiwa kaɗan. Yaya ta ce ita daga waje take ji. Matar ta ce, "Ka gani, malam? Naman gaban cinya ba guda ba ne, raba aikin suke. Sau da yawa rabon na mace ba ya zuwa daidai da na namiji. Nata na waje ke rinjaye yana jan ƙoƙon gefe, kai kuma ka ƙara masa kaya." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Matar ta sa Yaya farawa ba nauyi ko kaɗan. Amma kumburin da na jawo ya ci lokaci, azumin nan gaba ɗaya a kujera Yaya ta yi shi. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Har yau idan aka kawo mini kukan ciwo, nuna hanyar likita kawai nake yi.

Bayan babbar salla na je gaishe ta, na tarar tana la'asar a kan tabarma. Ta yi sujada ta daɗe, har na miƙe, na zaci gwiwar ce ta riƙe. Da ta sallame na ce, "Yaya, ta sake tashi ne?"

Ta share idonta da bakin mayafi ta ce, "Zauna, ƙanena. Ba gwiwa ba ce. Na daɗe ban zo wurin ba."