Muntaka Ya Kai Ƙara a Kan Ƙara

Duk wanda ya zauna tsakanin Kiyawa da Shuwarin a shekarun da aka mai da Dutse hedikwatar jiha, in ya ce bai san Muntaka mai kifi ba, to a kai shi a duba masa kunne. Makafi sun san shi. Matan da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun san shi. Awaki ma sun san shi, don akwai akuyar da ta haihu saura mako guda lokacinta ya yi, kawai saboda ya wuce ta bayan garke.

Muntaka ɗan kawunmu ne, saboda haka duk abin da za a faɗa a nan wasa ne na gado, ba gulma ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, in ya zauna a kan babur sai ka ce an ɗora turmi. Ya yi firamare, ya so aji uku ƙwarai har ya shekara uku a ciki. Ya gwada noma, gero ya ƙi shi. Ya gwada ɗinki, ya ɗinka wa limamin garinmu wandon da ƙafa ɗaya ta kai idon sawu, ɗayar ta tsaya a gwiwa tana jiran 'yar'uwarta. Sai a shekarar casa'in da biyu Allah ya haɗa shi da arzikinsa. Ya sayar da ragunansa biyu da ɗan maraƙi, ya sayi tsohuwar Suzuki a hannun wani malamin gona da ya yi ritaya.

Babur ɗin lafiyarsa ƙalau, in ban da salansa, wato bututun hayaƙi mai rage ƙara. Malamin gonan ya taɓa faɗawa kwalbati da shi, salansar ta fashe, aka liƙe ta da gwangwanin madara aka ɗaure da waya. In aka buga kik, sai ka ji ta-ta-ta-TAU, sai tari biyu, sai wani gurnani mai tsawo kamar raƙumi ya ga wuƙa. Kafin sati ya zagayo an raɗa masa suna Aradu.

Da Aradu Muntaka ya kama sana'ar kifin ƙanƙara. Da sassafe zai je Dutse wurin Madam Patricia mai ɗakin sanyi, ya ɗauko katan guda, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ya shiga ƙauyuka. Sana'ar tsere ce da rana. In ya sayar kafin azahar, ya ci. In ya wuce, ƙanƙara ta narke, kifi ya yi laushi, sai ƙudaje su zama su ne masu ciniki.

To amma Muntaka bai taɓa kai azahar ba. Masu sayen kifinsa matan gida ne, ba sa fitowa. Tun yana mil guda suke jin Aradu, mai daka ta ajiye taɓarya, mai wanki ta goge hannu. Kafin ya iso, kwanuka sun jeru a saman danga kamar an shanya su. Ya karɓa, ya zuba, ya ɗora kai ko wutsiya gyara, ya miƙa. Shekara takwas haka, bai taɓa buɗe baki ya yi talla ba. Da ka ce masa ya ce "ga kifi", sai ya tsaya yana tunanin ta ina ake farawa.

Ana nan aka shiga shekara ta dubu biyu, aka ƙaddamar da shari'a. Kowa ya shiga taitayinsa. Masu awo suka buge gindin kwanonsu ya koma daidai, masu caca suka koma dara. Mu kuwa taubasansa muna zaune a gindin darbejiya muka ga Muntaka ya yi shiru da yawa, muka ce bari mu taimaka masa da fatawa. Aka gaya masa ai an fitar da hukuncin masu damun jama'a: kowace TAU bulala ɗaya, tari kuma rabin bulala. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Aka yi rashin sa'a ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci. Da ya zo kan wanda ke hana mara lafiya barci, sahu uku suka waiwayo suka dubi Muntaka.

Ya koma gida ya sami matarsa Bilki tana tankaɗe.

"Gobe zan canja wa Aradu salansa."

"Me ta yi maka?"

"Ke ba ki san komai ba. Daga nan zuwa Andaza TAU nawa ce? Bayan wa zai ɗauka?"

"Malam, mutanen gindin darbejiyar nan ne fa. Su ne suka ce maka an hana gajeru shiga Dutse, ka kwana biyu ba ka fita ba."

"Wannan daban. Wannan a masallaci aka dube ni."

Washegari ya tura kai garejin Oga Lazarus a Dutse. Lazarus mutumin Filato ne, ya fi shekara goma yana gyaran babura a garin, ya san ciwon kowane babur kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ya shiga shago ya fito da sabuwar salansa, ba ta kamfanin babur ɗin ba, irin waɗanda ake kawowa daga waje a ce suna shiga kowane mashin. Tana ƙyalli, har Muntaka ya gyara hularsa a jikinta.

"Malam Muntaka, wannan in ka sa, ko kaza tana kan ƙwai ba za ta tashi ba."

"Ita nake so, Oga."

Aka fara da kwance tsohuwar. Notuna biyun da suka riƙe ta a bakin inji sun ci tsatsa, sun rantse ba za su motsa ba. Lazarus ya zuba musu kananzir, ya jira, ya sa sifana, ya taka da ƙafa. Ɗaya ya yarda. Ɗayan ya karye a ciki, sai da aka kai wa mai walda ya ɗiga masa ƙarfe aka murɗo guntun. Da tsohuwar salansar ta faɗi ƙasa, baƙin da ya zubo daga cikinta zai isa a rubuta allunan makaranta guda har su sauke.

Sai aka zo sa sabuwa, aka gano wanda ya ce tana shiga kowane mashin bai taɓa haɗuwa da Aradu ba. Bakinta ya fi na inji faɗi, sai da Lazarus ya yanko gaskit mai kauri ya cike tsakani. Ramin da za a ɗaure ta a baya ya kauce da yatsa biyu, aka yanko ɗan ƙarfe aka huda aka yi mata gada. Aka ɗaure tsaf, aka zo buga kik, kik ya daki cikin salansar ya tsaya. Lazarus ya ɗauko guduma.

"Oga! Sabuwa ce fa!"

"To ka zaɓa. Ko ta lotsa kaɗan, ko kullum ka tura mashin daga nan har Kiyawa."

Muntaka ya kau da kai aka ƙwala mata guduma sau biyu. Lazarus ya wanke fulogi, ya ɗan murɗa kabireta don iska ta daidaita da sabon numfashi, ya buga. Muntaka ya tsaya yana jira.

"Oga, buga mana."

"Ai ya tashi tun ɗazu."

Ranar Muntaka ya shigo gari kamar ɓarawon takalmi. Ya wuce mu a gindin darbejiya ba wanda ya ɗaga kai. Ya zagayo ya sake wucewa. A karo na uku sai da ya yi mana sallama.

Da gari ya waye ya ɗauko katan ɗinsa ya shiga ƙauyen farko yana murmushi. Danga ba kwano ko ɗaya. Ya ce ko rasuwa aka yi. Ya shiga na biyu, yana jin daka, yana jin hira, ba wadda ta san ya zo. Ya tsaya a ƙofar wani gida ya murɗa totur, babur ya yi wani ɗan huci kamar mage. Ya danna ham, ya tuna ham ɗin ya mutu tun zamanin malamin gona. Ya buɗe baki ya ce "kifi", muryar ta fito siririya, daga ciki wata ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, ba mu sauke ba tukuna."

La'asar ta same shi da fiye da rabin katan, ruwa na ɗiga ta cikin buhu, ƙudaje na yi masa rakiya kamar ango. Bilki ta soya abin da ya soyu. Kwana uku gidan suna cin kifi safe da rana, har kyanwoyin unguwa suka riƙa bin Muntaka masallaci. Abin dariya ne a wurinmu, amma shi ya daina dariya. Katan uku a jere sun lalace, ya san in na huɗu ya bi su sana'ar ta tashi, sai dai ya koma wa geron da ya ƙi shi.

A rana ta huɗu yana dab da shiga wani ƙauye sai ya ji ta-ta-ta-TAU, sai tari biyu. Ya taka birki ya dubi ƙarƙashinsa. Ya karanta abin da ya sawwaƙa. Ƙarar na gabansa, tana tafiya ba shi. Ya bi ta, ya sha kwana, sai ga kwanuka jere a kan danga, ga Nata'ala yana zuba kifi.

Nata'ala mai kananzir ne a da, dogo, shiru-shiru, yana da Suzuki irin ta Muntaka. Ya je gareji ya ga tsohuwar salansa a rataye a reshe, ya tambaya, Lazarus ya ce ɗauki, ka rage mini shara.

"Nata'ala! Muryata ce wannan!"

"Wace murya, Malam Muntaka? Ga taka nan a bakinka."

"Ka ji tsoron Allah! Matan nan ni suke miƙo wa kwano!"

"To ai ban ce musu ni ne kai ba. Ban ce komai ba ma. Ko mashin ɗin ne ya yi ƙarya?"

Muntaka bai tsaya ba sai ƙofar dagaci. Dagaci na kan buzu da mutanensa, aka kira Nata'ala ya zo ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

"Ƙarata, ranka ya daɗe. Ya ɗauke."

"Ya ɗauke ƙarar da ka kawo?"

"A'a, ƙarar da nake yi. Ita na kawo ƙara a kai."

Sai da aka yi wa dagaci bayani sau uku, wani dattijo ya shiga zaure don kada a ga yana dariya. Dagaci ya tambayi Muntaka ko sace salansar aka yi. Ya ce a'a. Ko ya ba da ajiyarta? A'a. Ko da ya bar ta ya waiwaya? Muntaka ya sunkuyar da kai.

"To Muntaka, wanda ya saki akuya a kasuwa, ba ya dawowa ya ce kukanta nasa ne. Ƙarfe na Nata'ala ne, ƙara kuwa ƙarfe take bi. Ku tashi, Allah ya ba kowa rabonsa."

Muntaka ya fito yana jan Aradu da hannu, ko hawa ya kasa. A bakin hanya ya ci karo da Iya Adawiyya, unguwarzomar yankin, tsohuwar da ba gidan da ba ta shiga, ba kuma wanda ya isa ya yi mata musu tunda ita ta yanke wa rabin garin cibiya, har da shi.

"Kai Muntaka, ashe kana raye? Mu muna can muna karɓar kifi ba gyara, muna cewa ko aljanu sun taɓa ka."

Ya gaya mata komai. Ta dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Wa ya ce maka ana bulala a kan ƙarar mashin?"

Ya faɗi sunayenmu.

"Allah ya shirye ka. Ɗauke ni mu je wurin makanikin."

Lazarus ya ji bayani ya riƙe baki. Ya ce a cikin salansar akwai wani bututu mai ramuka, shi ke haɗiye ƙara, in aka zare shi aka ƙara huda jikinta murya za ta dawo, amma ba zai iya rantsuwa irin ta da ce ba. Iya ta ce ba ta son irin ta da, ta da ta zama ta Nata'ala. Ta sa aka ajiye mata benci, ta zauna ta juya wa babur baya, ta ce haka matan suke jin sa, ta bayan danga.

Aka zare bututun aka buga. "Wannan injin niƙa ne," in ji Iya. Lazarus ya sa ƙusa ya huda rami ɗaya. "Janareton sakatariya." Ya ƙara biyu. Muntaka na tsaye yana kallon ƙyallin salansarsa, kowace guduma sai ya dafe ƙirji. A rami na bakwai, wanda ƙusar ta goce ta shiga a karkace, babur ya yi wata tsawa, ya biyo ta da fito mai tsawo, fiiiit, har tattabarun kan shagon walda suka tashi ba su dawo ba sai bayan sallah.

Iya ta ɗaga hannu. "Tsaya nan. Kar ka ƙara ko tsinke."

Lazarus ya ajiye guduma yana girgiza kai. "Mama, tunda na fara aikin nan, yau ne na lalata sabon abu aka ce mini sannu da aiki."

Bayan kwana biyu aka yi suna a gidaje biyu, Iya ta halarci duka. Abin da ta faɗa gajere ne: mai tari ba namu ba ne, namu mai fito ne.

Ranar Litinin Muntaka ya naɗe katan ɗinsa ya kama hanya. Nata'ala ya riga shi shiga ƙauyen farko, Muntaka yana jin tarinsa can gaba. Ya murɗa totur, Aradu ya yi tsawa ya ja fito. Ya sha kwanar farko bai ga komai ba. Ya sha ta biyu, sai ga kwano ɗaya ya leƙo ta saman danga, sai na biyu, sai biyar a jere, har da wata tukunya. Ya tsaya ya fara zubawa, gyara kuwa ranar har da tsoka.

Daga bayan danga wata murya ta ce, "Mai kifi, ina ka shiga kwana da kwanaki?"

Muntaka ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga abin da tsawo. Ya miƙa mata kwanonta, ya buga kik.