Mai Koyon Jinya a Ƙofar Gidan Raino

Ina hanyar dawowa daga karatu ina shakkar a ce jinyar masu taɓin hankali za ta koyu a bakin aiki, balle ga mai ƙaramin yaro.

Sai ga wata a ƙofar gidan raino, sanye da rigar masu koyon aiki a asibitin ƙwaƙwalwa. Ɗanta ya ƙanƙame ƙafarta yana ihu.

Mai raino ta ce, “Fizge ki tafi mana! Ba kin ce in kika ƙara makara za a sallame ki ba?”

Ba ta fizge ba. Tana durƙushe daidai tsayinsa, tafukanta a buɗe, har ya gaji ya saki.

Na ce, “Baiwar Allah, a asibitin kika koyi wannan?”

“Eh, Malam. Sai dai a can, in na gaji akwai mai karɓata.”